Kyafaffen Kifi a Kicin ɗin Noelene

Tun kafin mu sa rigunan aiki a safiyar ranar, kowa a ɗakin yanka kifi na ma'aikatarmu ya riga ya ga bidiyon. Ni a wayar wata abokiyar aiki na gani, a bakin famfon wanke hannu. Daga kan tudu aka ɗauka, aka jawo hoton kusa. Ga jirgin kamfani a gefen ɗaya daga cikin manyan kejin kifin da ke cikin teku, ana zuƙo matattun kifin salmon ana antayawa a robobi, farare, kumburarru, wasu har sun fara zagwanyewa. Can sai wani mai nutso ya ɓullo daga ruwa, ya dafa ƙarfen jirgin, ya zare abin rufe fuskarsa, ya juyo ya kalli inda mai ɗaukar hoton take. Babu wanda bai san fuskar nan ba a garinmu. Jarrod ne, ɗan Noelene Griggs, ɗanta ɗaya tilo. A ƙasan bidiyon kuma ga sunan wadda ta saka shi: Desley, ƙanwar Noelene uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni da Noelene mun fi shekara ashirin muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, muna jera yankakken kyafaffen kifi a kan kwali kafin injin ya rufe shi da leda. Na san fushinta. In tana masifa, to abin ƙarami ne. In ta yi shiru, sai a matsa gefe. Ranar ko gaisuwata ba ta amsa ba. Hannunta kawai ke aiki, da wani irin sauri, har kwalaye suka riƙa taruwa a gaban yarinyar da ke aunawa.

Da hantsi Warwick, mai kula da layinmu, ya lallaɓo ya tsaya a bayanta.

"Noels, an dakatar da yaronki sai an gama bincike. Na ga gara ki ji daga bakina."

"Na ji."

"Kuma in 'yan jarida suka tare ki a bakin ƙofa..."

"Na ce na ji, Warwick. Matsa, ka tare mini haske."

Ana kaɗa ƙararrawar hutun rana ta zare safar hannunta ta wurga a kwandon shara. "Glenda, taso," ta ce da ni. Dama a gidanta muke cin abincin rana, don yana nan bayan filin ƙwallo, ba nisa, kuma ɗakin cin abincin ma'aikata kullum warin maganin wanke ƙasa yake yi. Rabin awa ake ba mu. Mun saba: a shiga, a haɗa burodi da kifi, a kora da shayi, a koma.

Muna shan kwanar layinsu na hango farar ƙaramar motar Desley a ƙofar gidan. Na ce, "Noels, ko in koma in ci biskit ɗina?"

"Ba inda za ki. Ina son shaida."

Desley ta bar garin nan tun tana budurwa, ta yi rayuwarta a Melbourne. Da ta ajiye aiki sai ta sayi ɗan gidan hutu a bakin ruwa, daidai inda ake hango kejin, ta kuma shiga ƙungiyar masu neman a kwashe su daga tekun. Da can lokacin zafi kawai take zuwa. Bana ta zo ta ƙi tafiya. Muka tarar da ita zaune a kicin, ta buɗe da nata makullin, ta ajiye wainar tuffa ta shago a kan tebur, hannuwanta haɗe kamar mai jiran likita.

"Noels, kafin ki ce komai..."

"Ɗaga jakarki daga kan teburina."

Desley ta ɗaga. Noelene ba ta ko cire takalmin robarta ba. Ta fizgo ƙofar firji har kwalabe suka kaɗa, ta fito da cuku mai laushi, da rabin jar albasa, da ledar guntattakin kifin da ake sayar wa ma'aikata. Ta jera yankan burodi shida a kan katako, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙara. Ni na kunna butar shayi na raɓe a gefen taga.

"Na zo ne in yi miki bayani," in ji Desley.

"Bayani? Ai duniya ta gama yi mini. Kin karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon naki? Wani daga Sydney, wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa a ruwan nan ba, ya ce a ɗaure Jarrod a jefa shi cikin kejin. Wata ta ce da ganin fuskarsa bai gama makaranta ba. Yaron da kika goya, Desley!"

"Ba ni na rubuta ba."

"Ke kika miƙa musu shi."

Tana magana tana shafa cukun da bayan wuƙa, da ƙarfi, har burodi ɗaya ya huje. Ta yi tsaki ta bar shi a haka. Ta jawo albasar ta hau yankawa sirara-sirara, ba ta ko kallon yatsunta.

"Dole mutane su gani," Desley ta ce. "Kamfani ya ce 'yan kifaye kaɗan ne suka mutu. Kin gani da idonki, wannan kaɗan ne?"

"Kamfani, kamfani. Lokacin da rumbunan tuffa suka rufe, kina ina? Lokacin da injin katako ya tsaya, mazan garin nan suna zaune a mashaya tun da safe, kina ina? Kina can kina shan kofi mai kumfa. Wannan kifin da kike toshe wa hanci, shi ya rufa gidan nan. Shi ya riƙe Mama har ta rasu, ni ina juya ta ina wanke ta, ke kina aiko da furanni."

"Kada ki sako Mama a ciki."

"Na sako ta! Kicin ɗina ne, in sako wanda na ga dama."

Ta yage ledar kifin da haƙori. Ta riƙa ɗauko jan yankan tana naɗewa a kan cukun, kuma duk da fushin nan, hannun da ya saba bai iya yin aikin banza ba: kowane yanka ya kwanta daidai, ba gefen da ya leƙo. Ta barbaɗa albasa. Ta ɗauki lemun tsami na bishiyar bayan gida, ta raba, ta matse har ruwan ya fantsamo mini a ido. Ta niƙa masoro a kai. Ta kifa sauran burodin, ta danna da tafin hannu, ta tsaga kowanne gida biyu. Sannan ta dangwara faranti ɗaya a gabana, ɗaya a gaban ƙanwarta.

"Ci."

"Kin san ba na cin sa."

"Da kina ci. Duk Kirsimeti ke kike fara kai hannu, har ki ƙunsa ki tafi da shi jirgi. Ci, in ga ko zai kashe ki."

Desley ta ture farantin da yatsa ɗaya. Ita ma fa jinin gidan ne, na ga wuyanta ya yi ja.

"A rairayin nan Baba ya koya mana iyo, Noelene. Je ki ki gani yau. Dunƙulen kitse ne a ko'ina, da ƙuda, da ɗoyi. Karena ya lasa, ya kwana yana amai."

"Ayya, karenki! Glenda, kin ji? Kare ya yi amai, sai a kori ɗana daga aiki."

"Yaushe rabonki da shiga ruwan nan?"

Noelene ta ɗauki wuƙar.

"Ke da ba kya fashin iyo ko da sanyi," Desley ta ci gaba. "Mutane suna ce miki mahaukaciya don kina shiga ruwa da asuba a watan Yuli, lokacin da sanyin nan ya fi tsanani. Tun da na zo bana ban ga tawul ɗinki a igiya ba. Me ya hana ki?"

"Gwiwata."

"Ƙarya kike."

Na ɗauka wuƙar za ta yi aiki a ranar. Noelene ta riƙe ta, ta kalli ƙanwarta, sannan ta jefa ta cikin kwamin wanke-wanke da wata ƙara da ta sa na zabura. Daidai lokacin muka ji tsayuwar a-kori-kurar Jarrod a waje.

Ya shigo ta ƙofar baya, dogo, kafaɗa faffaɗa, idanunsa sun faɗa. Ban lura da yadda ya rame ba sai a ranar. Ya gaishe ni, ya kalli innarsa, ya kalli uwarsa.

"Zauna," in ji Noelene. "Kada ka damu. Yau ɗin nan zan je ofis in gaya musu ba ka san ana ɗaukar ka ba. Ita kuma wannan za ta goge abin nan yanzu a gabana, ta rubuta cewa..."

"Mama, ni na gaya mata."

"Ka gaya mata me?"

"Ni na gaya wa Anti Des tudun da za ta tsaya, da lokacin da za mu fara kwasa. Ni na ce ta ɗauka."

Butar shayi ta tafasa ta kashe kanta.

"Fuskar fa?" Noelene ta tambaya a hankali.

"Da gangan na buɗe. In ba fuska, za su ce tsohon hoto ne, ko daga wata ƙasa. Anti ta so ta rufe, ni na hana."

"Na roƙe shi, Noels," Desley ta ce. "Na ce masa..."

"Ke, rufe mini baki. Da ɗana nake magana."

Jarrod ya jingina da firji. Ya ce tun da ruwa ya yi ɗumi kifin ya fara mutuwa, kullum aikinsu ke nan. Ya nutse ƙasan keji, hannunsa ya lume cikin ruɓaɓɓen kifi har gwiwar hannu, ba ya ganin komai sai farin maiƙo. Ya ce in ya fito ya yi wanka sau nawa ma, ƙarnin yana cikin hancinsa. An tara su an ce kowa ya kama bakinsa, an ce a bar waya a mota. "Na gaji, Mama. Ko barci na kwanta, su nake gani."

"Shi ne ba ka da bakin gaya wa uwarka? Muna gida ɗaya, muna kallon talabijin ɗaya?"

"Da na gaya miki, da kin hana ni."

"Ƙwarai da na hana ka! Kai in sun kore ka, matashi ne, ka ɗauki jakarka ka bar tsibirin nan ka haye babban yankin ƙasar. Ita wannan ta koma Melbourne a tafa mata. Ni fa? Ni ce zan koma cikin ɗakin nan yanzu, in tsaya tsakanin mata arba'in waɗanda mazansu da 'ya'yansu ke kan jiragen nan. Kun zauna ku biyu kun tsara, kun yanke, kun gama. Wa ya tuna da jakin da zai ɗauki kayan?"

Ta ja numfashi, ta share goshinta da bayan hannu. Sai ta ɗauki nata farantin, wanda burodinsa ya huje, ta miƙa masa.

"Karɓi. Na san ba ka ci komai ba. In ka ci sai mu ci gaba."

Jarrod ya kalli farantin. Ya kau da kai gefe.

"Ba zan iya ba, Mama."

"Ba za ka iya me ba?"

"Ba na iya cin sa. Na daɗe ban ci ba."

"Kullum da asuba ina haɗa maka biyu ina sa maka a jaka."

Jarrod ya sunkuyar da kai.

"Ina kake kai su, Jarrod?"

"Tsuntsaye nake jefa wa. A bakin gadar da jirginmu ke tsayawa, kafin mu tashi."

Duk abin da aka faɗa a kicin ɗin nan, wannan ne ya shige ta. Na gani a fuskarta. Ba maganar aikin ba, ba zagin mutanen waya ba. Da ta buɗe baki kuwa, na tabbata har filin ƙwallo an ji ta.

"Tsuntsaye! Ina tashi cikin duhu, da wannan bayan nawa, ina zaɓar maka yankan da ya fi kyau, ina cire maka albasa don ka ce tana sa ka gyatsa a ƙarƙashin ruwa, ashe tsuntsaye nake yi wa girki! Ka dawo da yamma in ce ya abinci, ka ce ya yi daɗi, Mama. Ka kalli idona ka ce ya yi daɗi! Don me ba ka ce in sa maka ƙwai ba? Don me ba ka ce in sa maka cuku kawai ba? Kurma ce ni?"

"Ban so in ɓata miki rai ba ne."

"To ka kyauta. Ga shi raina fari tas."

Desley ta miƙe ta nufo ta da hannu a buɗe. Noelene ta ɗaga mata tafi.

"Kada ki taɓa ni. Ajiye makullina a kan tebur. Ki ɗauki wainarki, ba mu rasa tuffa a gidan nan ba."

"Noels, don Allah."

"Makulli."

Desley ta ciro shi daga zoben makullanta, da ƙyar, farcenta na zamewa. Ta ajiye. A bakin ƙofa ta juyo. "Ki yi fushi da ni yadda kike so. Amma kin san ba ƙarya na ɗauka ba."

"Na sani," in ji Noelene. "Fita."

Da motar ta tashi, ta juyo kan ɗanta. "Akwai ƙwai a firji. Ka soya da kanka, hannunka ba a karye yake ba." Sannan ta ɗauki burodin nan a tsaye, ta gatsa, tana tauna kamar da shi take faɗa, hawaye na zuba ba ta share ba. Ta cinye nata, ta jawo na Desley ta cinye rabi. "Ke kuma me kike jira?" ta ce da ni. Na ci. Yunwa nake ji, kuma gaskiya ya yi daɗi, lemun ya ji. Shayin dai ba wanda ya sha.

Mun makara da komawa. Warwick na tsaye a bakin ƙofar ɗakin yanka, ya ɗaga hannu yana nuna mana agogonsa. Na so in ja shi gefe in ce ba yau ba, amma ban samu dama ba.

"Agogo kake nuna mini?" in ji Noelene. "Ni?"

"Doka ce, Noels, ba ni na..."

"Tun yaushe kuka san abin da ke faruwa a kejin nan? Muna nan muna jera kifi a kwali, 'ya'yanmu suna can suna iyo cikin mushe, aka ce su yi shiru, ko iyayensu kada su gaya wa. Da aka tara mu a watan jiya aka ce komai lafiya, kai ne ka karanta mana, Warwick, kana murmushi. Ɗana ya rame ya zama kamar sanda, ni ina cewa ko budurwa ce ta yaudare shi!"

"Ni ma abin da aka ba ni na karanta."

"To ka hau sama ka gaya wa wanda ya ba ka, Noelene Griggs ta ce a zo nan a faɗa mana gaskiya a gaban kowa. In kuma korata za a yi, a zo a kore ni da baki, ina kan layi na uku."

Ta wuce shi ta je ta wanke hannu. Wasu matan suka sunkuyar da kai. Wata da mijinta ke tuƙa ɗaya daga cikin jiragen ta ce, yadda kowa zai ji, "Ɗanki ya jawo mana, ke kuma kina ihu." Noelene ta sa safar hannu, ta ce, "Je ki tambayi mijinki me yake kwasowa, in zai gaya miki."

Ba a kore ta ba. A ƙarshen makon wani babba na kamfani ya zo daga birnin Hobart, aka tara mu, ya yi magana mai tsawo a kan ɗumin ruwa. Noelene ta yi masa tambaya uku, ya amsa ɗaya. Rabin ɗakin sun daina yi mata magana har kaka ta shigo.

Jarrod bai jira binciken ba, ya ajiye aikin da kansa. Ya samu wani a inda ake kiwon kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo, a arewacin tsibirin. Ita ta kai shi da motarta, don tasa ta lalace, kuma ta gaya mini tun daga nan har can ba ta ce masa komai ba sai da suka tsaya shan mai, ta tambaye shi ko ya ɗauko rigar sanyinsa. Yana kiran ta duk Lahadi. Tana ɗauka, ta yi masa faɗa a kan wani abu daban, aski ko taya, ya yi ta cewa to, Mama.

Desley kuwa tana nan a gidanta na bakin ruwa. Sun haɗu a kantin gari kwanan baya, ina tare da Noelene. Desley ta ce, "Sannu, Noels." Noelene ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Kwanon rufinki ya ɗaga ta gefen kudu, ana hangowa daga titi. Ki sa a buga kafin iska ta yaye shi." Ta tura keken sayayyarta ta wuce wajen madara.